Kaska a Wuyan Malama

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Yau Malamar kemistiri ta sake canza mini wurin zama. Ina layin gaba yanzu, jikin taga, kunnen dama yana fuskantar tebur ɗinta. Ba ta yi bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Kowa ya san dalili tun zazzaɓin da na yi a hutun da ya wuce, wanda ya tafi mini da kunnen hagu.

Mu uku ne masu tabulet a ajinmu na ƙarshe, kuma Malama ce ta yi ta zarya ofis har aka ba mu. Kowace tabulet da aikinta. Tawa tana rubuta duk abin da Malama ta faɗa, ta hanyar wata 'yar makirufo da take maƙalawa a bakin mayafinta. Ta ƙawata da ke zaune kusa da ni, wadda muke kira Rediyo saboda surutunta, tana jawo mata rubutun allo kusa, kowane harafi ya yi girman babban yatsa, saboda idonta. Ta Dogo tana karanta masa littafi a kunne, don shi haruffa musayar wuri suke yi masa, alhali a lissafin ka babu mai kama shi.

Rediyo ce ta raɗa wa makirufon suna kaska, wai ta kama Malama ta ƙi saki. Yau ta juyo da fuskata wajenta, yadda take yi in tana so in ga bakinta, ta ce, "Ke ba kunne, ni ba ido, Dogo ba karatu. In aka haɗa mu wuri guda za a samu ɗalibi ɗaya mai zuwa na ɗaya."

Na yi dariya. Ban san ko ta yi ƙarfi ba.

Laraba, bayan an tashi

Gwajin kemistiri ya yi kyau. Umma ta tambayi kunnen. Na ce da sauƙi.

Alhamis, ƙarfe uku da rabi

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Da aka fita tara, ban fita ba, ina kwafe wa Rediyo zanen da ba ta gama ba. Sai na ga rubutu yana ta fitowa a tabulet ɗina, ga shi babu kowa a gaban aji. Malama ta manta ba ta kashe kaskar ba. Da intanet ɗin makaranta take aiki, duk inda aka shiga da ita cikin harabar nan rubutun yana iso ni.

Na'urar ba ta faɗin mai magana. Amma maganar Malama tana fitowa cikakkiya, ta ɗayan kuma guntu-guntu, don yana nesa da kaskar. Daga yawan "Yallaɓai" na gane ofishin Mataimakin Shugaba take.

Nasa: sakamakon makaranta, bara mun sha kunya, yaran nan uku, su jira baɗi, ko su nemi wata cibiya.

Nata: "Yallaɓai, ukun nan babu wanda ya faɗi gwajina. In maganar na'ura ce a ɗakin jarrabawa, ana nema a ba da izini. Ni zan nema."

Nasa: ba ke za ki nema ba.

Sannan ya kira ni da wata kalma. Ba zan rubuta ta a nan ba. Tabulet ta rubuta ta daidai, babu kuskure ko na harafi ɗaya.

Ya kamata in kife ta tun layin farko. Ban kife ba.

Juma'a, da safe kafin in fita

Ba za a yi mana rajistar jarrabawar fita ba. Na rubuta ne don in ga yadda take a rubuce.

Asabar, da hantsi

Baba ya kira daga hanya, motarsu ta tsaya lodi. Umma ta miƙo mini waya. Na sa a kunnen dama na danna sosai. Ina jin muryarsa kamar mutum yana magana cikin bargo a wani ɗaki. Duk inda ya tsaya sai in ce, "To, Baba." Da na mayar da wayar, Umma ta dube ni ta ce tambayata yake wane irin takalmi nake so, ni kuma ina ta to, to.

Na ce sabis ne ba kyau.

Ta koma kan keken ɗinkinta. Ina jin keken a tafin ƙafata ta siminti. Da can da kunne nake jin sa.

Litinin, ƙarfe huɗu

Na yi niyyar gaya wa Malama cewa na gani. Na tsaya bayan darasi har kowa ya fita. Ta ɗago ta ce, "Ya aka yi, 'yata?" Na ce cajin tabulet ɗina ne ba ya daɗewa. Ta duba, yana nan kusan cike. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in je in ci abinci.

Talata, bayan an tashi

Dogo ya amsa tambayar da ta gagari kowa, ko biro bai ɗauka ba. Aji ya yi masa tafi, na gani a hannuwansu. Yana ta murmushi yana sosa ƙeya.

Na same shi a bakin famfo. Ban taɓa fara yi wa namiji magana a makarantar nan ba. Na tsaya a gefensa har ya gama wanke hannu. Ya juyo ya fuskance ni, ya yi magana a hankali yadda zan gane: "Lafiya? Ko aron abin kunnena kike so? Ai ba zai yi miki amfani ba." Ya yi dariya, nan take kuma ya kama bakinsa ya ce in yi haƙuri.

Na ce ba komai. Na ce sannu. Na tafi.

Alhamis, ƙarfe uku

Ana tsakiyar darasi masinja ya leƙo ya ce ana kiran Malama a ofis. Ta ajiye alli. Ta kai hannu kan kaskar. 'Yar fitilarta koriya tana kunne. Ta dube ni. Ta sauke hannun, ta fita.

Malama ba ta mantuwa sau biyu.

Na sa tabulet a cinya, ƙarƙashin tebur. Mataimaki ne yake magana: ranar Alhamis ta sama mai hoton rajista zai zo, a ɗauki hoto a dangwala yatsa, wanda ba a ɗauka ba shi ke nan. Kafin nan za a kira iyayenmu ɗaya bayan ɗaya a ba su shawara. Shawara ya ce.

Nata: "Ni ba zan kira uban kowa ba, Yallaɓai. Wanda ya yanke shi zai faɗa da bakinsa."

Sai layi ɗaya ya fito cikakke, alamar ya matso kusa: mene ne wannan a wuyanki.

Daga nan babu komai.

Da ta dawo, kaskar tana hannunta. Ta ajiye ta a kan tebur ɗina ba tare da ta kalle ni ba, ta ƙarasa darasin da alli, tana rubuta kowace kalma a allo har hannunta ya yi fari zuwa gwiwa.

Juma'a

Malama ba ta zo ba.

Litinin, ƙarfe huɗu da kwata

Ba ta zo ba. Rediyo ta kawo labari kala uku kafin tara: an mayar da ita wata makaranta, mahaifiyarta ce ba lafiya, ta yi faɗa da Shugaba har ta buga masa tebur. Na tambaye ta wanne ne gaskiya. Ta ce, "Ni watsawa nake yi, ba tacewa ba."

Malamin fizis ne ya karɓi ajin. Allo yake yi wa magana, mu ƙeyarsa muke gani. Na kasa miƙa masa kaskar, sai Rediyo ta fizge ta kai masa. Ya riƙe ta da yatsa biyu ya faɗi wani abu, aji ya kwashe da dariya. Rediyo ta rubuta mini da irin rubutunta mai cin rabin shafi: WAI SHI BA MAWAƘI BA NE.

Ya ajiye ta a kan tebur. Duk darasin abin da tabulet ɗina ta kamo shi ne guntayen surutun 'yan layin gaba, da wani yana neman aron rula.

Mataimaki ya wuce ta tagarmu sau biyu. Bai shigo ba.

Talata, da yamma

Kujerar Dogo babu kowa. An ce jiya an ga babansa a ofis da kayan aikinsa na walda a jiki, ya fito riƙe da hularsa. An ce Dogo zai riƙa taya shi a shago zuwa baɗi.

Makon jiya na tsaya kusa da shi a bakin famfo, na sani, ban gaya masa ba. Na ce sannu.

Ba komai. Ba komai.

Talata, kafin magariba

Na gaya wa Rediyo. Na bi ta har kwanar gidansu na gaya mata duka, tun daga ranar farko. Tun da na san ta ban taɓa ganin bakinta a rufe haka ba. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Can ta ce, "Kin sani tun tuni kika bar ni ina ta haddace sinadarai kamar wawuya?" Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Haƙurin me? Gobe ki zo da Ummanku. Ni kawuna in ya shiga ofis da ihu, da godiya yake fitowa."

Sannan na gaya wa Umma. Ta tsayar da keke. Dole na fara daga kunnen, don in ba haka ba sauran ba za su fahimtu ba. Na ce ba da sauƙi ba ne. Na ce na daman ma ya fara.

Ta ce, "Na sani. Ina kiranki daga kicin ba kya juyowa. Jira nake ki faɗa."

Maganar makaranta kuwa ta ce, "Mu wa muka sani a can, 'yar nan? Mutanen nan sun fi mu sanin aikinsu." Amma na ga ta ciro mayafinta na fita unguwa tana gogewa.

Laraba, ƙarfe biyu

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Mun shiga ofis ni da Umma. Rediyo ta tsaya a bakin ƙofa, wai iska take sha. Umma ta durƙusa ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki. Mataimaki yana amsawa kansa a sunkuye kan takardu, gashin bakinsa ya rufe leɓensa. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Umma kawai nake gani tana gyaɗa kai, tana gyaɗa kai, sannan ta fara tattara mayafinta za ta tashi.

Za mu fita ban san abin da aka yanke a kaina ba.

Na ciro kaskar daga aljihu na kunna, na ajiye tabulet a kan tebur ɗinsa yadda ni da shi za mu gani. Na ce, "Yallaɓai, ban ji ba. Don Allah ka maƙala wannan ka maimaita."

Rediyo ta ce har 'yan ajin da ke ƙarshen baranda sun ji ni.

Ya dubi kaskar. Ya dubi Umma. Umma ta ja mini gefen riga, amma ba ta ce in bari ba. Ya ɗauka ya riƙe a gaban bakinsa, bai maƙala ba. Rubutu ya fito: za mu duba lamarin. Ana duba abin da ya fi dacewa da ita. Za mu duba.

Ya ga maganarsa a rubuce. Na ga idonsa yana bin layin.

Na ce, "Yallaɓai, gobe za a ɗauki hotona?"

Babu abin da ya fito. 'Yar sandar nan ta rubutu tana ta ƙiftawa a wuri ɗaya. Fanka tana juyawa tana ɗaga gefen takardunsa.

Sai: wa ya ce miki ba za a ɗauka ba.

Ya sake tambaya, ya sake fitowa a rubuce, layi biyu iri ɗaya. Na kafa ido a kan tabulet ɗin na yi shiru. Wannan kam na iya.

Umma ce ta yi magana, kuma kaskar ta kamo ta: "Yallaɓai, ni ban yi boko ba. In e ne ka ce e, ta karanta mini. In a'a ne ka ce a'a, ta karanta mini, in kai wa ubanta yadda ka faɗa."

Sai ga kan Rediyo ta ƙofa: "Yallaɓai, a haɗa da ni a amsar, kada a wahalar da kai sau biyu."

Ya kashe kaskar da kansa. Ya jawo aljihun tebur ya saka ta, ya ɗora tabulet ɗina a kai, ya miƙa hannu Rediyo ma ta ba da tata. Abin da ya faɗa bayan nan Umma ce ta gaya mini a waje: kayan makaranta ne, za a duba lafiyarsu. Mu koma aji.

Bai ce e ba. Bai ce a'a ba.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na safe

Na goge hijabina sau biyu. Na kasa shan shayi.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

An tara mu a babban ɗakin taro. Akawu yana tsaye can gaba yana kiran suna, takarda ta rufe masa baki. Mai hoto ya rataya farin ƙyalle a bango. Ban taɓa jin tsoron ɗaki kamar yau ba: mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya, ni ban san me ke tashin su ba. Na riƙe hannun Rediyo. Ta ce in daina matse ta, ba ita ce Mataimaki ba.

An wuce harafin sunana, ko kuma ni na ga kamar an wuce. Na fara lissafin yadda zan fita ba tare da kowa ya kalle ni ba. Sai Rediyo ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yanzu wurin yana zafi.

"Tashi, ke ce! Tashi kafin su canza ra'ayi!"

Mai hoto ya yi mini alama in ɗan ja hijabi baya, wai dole kunnuwa su fito. Na ja. Ya nuna mini hoton a na'urarsa. Ga su nan duka biyu, kamar na kowa.

Aka kira Rediyo can wajen ƙarshe. Ta tafi tana gyara tabarau tana gaisawa da mutane kamar mai karɓar kyauta.

Da ta dawo ta zauna, sai na ga ta daskare. Akawu ya ɗaga kai yana dube-dube. Ya sake buɗe baki, ya sake dubawa. Rediyo ta juyo da fuskata: "Dogo ake kira."

Babu wanda ya tashi. Akawu ya ce mai hoto zai dawo gobe da safe na ɗan lokaci, saboda waɗanda ba su zo ba.

Da aka tashi muka tafi neman Dogo. Rediyo ta san layin masu walda amma ba ta iya karanta allunan shaguna daga nesa, ni na riƙa karantawa. Mun same shi ya riƙe wa babansa ƙarfen ƙofa, tartsatsi yana zuba. Ga janareta, ga injin yankan ƙarfe, ga guduma. Ƙarar har a haƙorana nake jin ta. Rediyo ta yi sallama ta yi ta zuba bayani, babu wanda ya ko juyo. A wurin nan kowa ihu yake yi wa kowa.

Na matsa gaban baban. Ya ɗaga gilashin fuskarsa. Na gaishe shi, sannan na buɗe murya iyakar ƙarfina, karon farko ban damu da yadda ta fita ba: "Baba, an kira sunansa yau! Sau uku! Gobe da safe ne na ƙarshe!"

Ya kashe injin. Ya yi magana mai tsawo yana nuna wajen makaranta da sandar walda, yana buga ƙirjinsa. Ban kama ba, kuma na ji nauyin in ce ya maimaita. Dogo bai ɗago kai ba. A hanya Rediyo ta ce cewa ya yi shi ba yaro ba ne da za a ce masa jeka, a ce masa dawo. An zaunar da shi an gaya masa ɗansa ba na karatu ba ne, ya haɗiye, yanzu kuma 'yan mata biyu sun zo da wani zance.

Na tambaye ta ko ya ce zai bar shi ya zo. Ta ce bai ce ba.

Juma'a, ƙarfe takwas saura

Mai hoto ya iso yana rataya ƙyallensa. Muna bakin get ni da Rediyo. Ta ce in gaya mata duk wanda ya ɓullo kwana.

Juma'a, bayan an tashi

Mai hoto ya fara naɗe waya lokacin da na hango su. Baban ne a gaba a kan babur, Dogo a baya, rigar makaranta a yamutse kamar daga ƙasan akwati aka zaro ta. Baban bai shiga ba, bai kuma kalle mu ba. Ya tsaya a waje injin yana kunne.

Na'urar dangwale ta ƙi karɓar yatsan Dogo. Baƙin mai ya cike zanen yatsan, ga ƙuna a gefe. Aka gwada, ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Mai hoto ya duba agogo. Rediyo ta ruga ɗakin gwaje-gwaje ta dawo da sabulun wanke kwalabe, ta kama hannunsa a gaban kowa tana dirzawa tana yi masa faɗa, wai ko tukunyar gidan biki ta fi shi tsabta.

Ya ɗora yatsan. Fitilar ta yi ja, ta yi ja, sannan ta yi kore.

Malama ba ta dawo ba. Tabulet suna aljihun tebur, kuma babu wanda ya nemo mana izinin shiga da su jarrabawa. Ranar Litinin fizis ne darasin farko. Mun shirya: Rediyo za ta saurara, ni zan kwafi allo, Dogo zai yi lissafin, mu haɗu a tara mu yi musaya. Dogo ya ce wani ya koma ofis ya tambayi maganar izinin.

Su biyun suka juyo suna kallona.